Zazzaɓin da ya ƙi jin kafso: tambayoyi kan maganin cututtukan bairos

Ɗana ya kwana huɗu da zazzaɓi. Na ba shi maganin maleriya da ja-da-yalo daga kemis, jikin bai sauka ba. In canza wani kafson?

Don Allah kada ki canza, ki kai shi asibiti yau. Kafso bakteriya yake kashewa, ba ya yi wa bairos komai. Shi bairos cikin ƙwayoyin halittar jikinmu yake shiga ya hayayyafa, shi ya sa maganinsa daban ne, kuma kowanne da nasa. Abin da ke ci mini rai shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana zarya tsakanin gida da kemis, alhali yawancin magungunan bairos sun fi aiki a farkon ciwo.

Zazzaɓin Lassa yana da magani?

Mutanen Jos sun daɗe da sanin wannan cuta. A 1969 aka kawo ma'aikaciyar jinyar da aka fara gano cutar a jikinta daga garin Lassa na Borno, ta rasu a nan Jos. A 1970 kuma likita Jeanette Troup ta kamu wajen binciken gawa, ita ma ta rasu.

Maganin da ake bayarwa sunansa ribavirin, ta jijiya ake sa shi, kuma ya fi amfani idan an fara shi cikin kwana 6 na farkon ciwon. Matsalar ita ce Lassa tana farawa kamar maleriya ko taifot: zazzaɓi, ciwon kai, kasala, ciwon makogwaro. Zubar jini daga baya take zuwa, kuma ba kowa ba. Wanda ya jira sai ya ga jini ya makara. Tare da ribavirin ana ƙarin ruwa, ana sa ido kan ƙoda, wani har sai an yi masa wankin ƙoda. Mace mai ciki ta gaya wa likita tun daga bakin ƙofa, domin maganin na iya cutar da ɗan tayi. A lokacin rani, da ɓeraye masu yaɗa cutar ke shigowa ɗakin ajiyar hatsi, cutar ta fi yawa. Lambar kira ta kyauta ta NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, ita ce 6232.

Ciwon hanta fa, ana warkewa?

Na rukunin C ana warkewa. Sofosbuvir da daclatasvir na mako 12 suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100. Na rukunin B kuwa tenofovir danne shi yake yi, a kare hanta daga lalacewa, kuma ba duk mai ɗauke da shi ke buƙatar fara sha ba, sai gwaji ya nuna. Jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a tasha da lasifika suna iya ƙara wa hantar nauyi.

Mai cutar ƙanjamau zai sha magani har yaushe?

Har ƙarshen rayuwa, ƙwaya ɗaya a rana mai haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir, kyauta a asibitocin gwamnati. Wanda allurar mai cutar ta soka, ko wadda aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya na kwana 28, amma dole a fara shi cikin awa 72.

Kare ya ciji yaro a unguwa, ciwon ƙarami ne. A jira a gani?

Kada a jira. A wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti a fara allurar rigakafin haukan kare a ranar. Da zarar alamu sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tsira.