Duba kwanan watan da ke ɓoye cikin wayarka

Mutane iri biyu muke haɗuwa da su idan maganar sabunta babbar manhajar waya ta taso a wajen wayar da kai. Akwai mai ƙorafin cewa Google ya fitar da sabuwar Android tun watannin baya, amma shi har yau shiru kake ji, wayarsa ba ta samu ba. Akwai kuma wanda saƙon sabuntawa ya daɗe da zuwar masa, kullum sai ya danna "sai an jima", har ya saba da ganinsa. Na farkon yana yawan damuwa da abin da bai kai ya kawo ba. Na biyun shi ne nake jiye wa tsoro.

Abin da ya kamata mu fara rarrabewa shi ne sabuntawar iri biyu ce. Akwai babba, mai zuwa sau ɗaya a shekara, wadda ke ɗaga waya daga Android 14 zuwa 15, ko, a wayar iPhone, daga iOS 17 zuwa 18. Ita ce mai kawo sabon fasali da sabbin dabaru, ita ce kuma ake yayatawa. Idan ta yi maka jinkirin wata shida, ba ka yi asarar komai ba sai kwalliya da 'yan abubuwan more rayuwa. Sai kuma ƙaramar, wato facin tsaro, gyaran da ke toshe kafofin da masu kutse ke bi su shiga waya. Za ka sauke ta, waya ta mutu ta kunna, ka duba ko'ina ba ka ga abin da ya canza ba. To wannan da ba ta nuna kanta ita ce rigakafin waya, kuma mu ma'aikatan lafiya mun san yadda mutane ke raina allurar da aka yi wa mai lafiya, don ba sa ganin cutar da ta tare.

Me ya sa ake jinkirin? A ɓangaren Android, hannu da yawa ne a kan abin. Google ne ke rubuta tushen manhajar. Daga nan sai kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su Qualcomm da MediaTek, su daidaita ta da nasu kayan. Sannan mai ƙera wayar, ko Samsung ne ko Xiaomi ko wani, ya ɗora nasa salon a kai, ya gwada a kan kowane samfuri ɗaya bayan ɗaya. A wasu ƙasashe ma sai kamfanin layin sadarwa ya yi nasa gwajin kafin a saki. Kowane mataki yana cin lokaci da kuɗi, kuma gaskiyar magana ita ce kamfanin da ya riga ya sayar maka da waya ba ya samun wata riba daga kula da ita. Hankalinsa yana kan wadda zai fitar gobe. Apple shi kaɗai ke riƙe da wayar da manhajarta, shi ya sa yake iya sakin sabuntawa ga kowa rana ɗaya. Google ya yi ƙoƙarin rage tsawon wannan layi: a 2017 ya raba tushen Android da kayan masu ƙera ƙwaƙwalwa, a 2019 kuma, daga Android 10, ya fara aika gyaran wasu sassan manhajar kai tsaye ta Google Play. An samu sauƙi, amma ba a rabu da matsalar ba.

Ga misalin da ya farkar da masana'antar. A 2015 wani mai bincike na kamfanin Zimperium ya gano wata kafa a sashen Android da ke buɗe bidiyo, wadda aka san ta da suna Stagefright. An ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950. Abin tashin hankalin shi ne saƙon MMS guda ɗaya, wato saƙon tes mai ɗauke da hoto ko bidiyo, ya isa, kuma a wasu wayoyin ba sai mai ita ya buɗe saƙon ba. Bayan wannan ne Google ya fara fitar da facin tsaro wata-wata. A 2017 aka sake gano wata kafar ta Bluetooth mai suna BlueBorne, wadda ke ba na kusa da kai damar shiga wayar ba tare da ka taɓa komai ba. Masu iPhone ma ba su tsira ba: a Satumban 2021 Apple ya yi gaggawar sakin iOS 14.8 bayan cibiyar Citizen Lab ta Kanada ta gano ana shigar da manhajar leƙen asiri ta Pegasus ta hanyar iMessage, manhajar aika saƙo ta iPhone.

A nan ne nake so mu tsaya mu fahimci abin da kyau. Ranar da kamfani ya fitar da gyara, ranar ce yake sanar da duniya inda ɓarakar take. Masu kutse suna karanta sanarwar kamar yadda kowa ke karantawa, su kwatanta tsohuwar manhaja da sabuwa, su gane daidai wurin da aka toshe. Daga nan sai su nemi wayoyin da ba a toshe musu ba. Ke nan wayar da ta shekara biyu ba ta karɓi faci ba tana ɗauke da kafofin da aka riga aka bayyana a fili wata bayan wata.

Ba ina nufin kowa ake farauta ba. Kayan leƙen asiri irin Pegasus masu tsada ne, kuma 'yan jarida da 'yan siyasa da masu fafutuka aka fi kai wa hari da su. Yawancin mutane ta hanyar yaudara ake cutar su: adireshin da aka turo aka ce su danna, ko manhajar da suka sauke daga wani shafi da ba su sani ba. Sai dai idan irin wannan manhaja ta shiga wayar da ke da faci, sau da yawa takan tarar da ƙofofi a rufe. Idan ta shiga wadda aka yi watsi da ita, tana iya kaiwa ga saƙonni da hotuna da lambobin sirrin da banki ke turowa.

Abokan aikina, mu abin ya fi shafa. A wayoyinmu akwai sunayen marasa lafiya, da hoton sakamakon gwaji, da lambobin matan da ke zuwa awo. Wannan sirrin mutane ne da suka damƙa mana amana, ba namu ba ne da za mu yi sakaci da shi.

To yaya za ka san halin da taka take ciki? Idan Android ce, shiga wajen saiti, ka gangara zuwa bayanan waya, inda aka rubuta "About phone" idan da Turanci aka saita ta. Nemi layin da ke nuna matakin facin tsaro. Za ka ga kwanan wata, galibi 1 ko 5 ga wani wata. Shi ne abin dubawa, ba lambar Android ɗin ba. A ganina, idan bai wuce wata uku ko huɗu ba, babu damuwa, domin wayoyi da yawa duk bayan wata uku ake ba su. Idan ya haura shekara, kuma ka danna neman sabuntawa an ce babu, to alamu sun nuna kamfanin ya janye hannunsa daga wannan samfurin.

Na san dalilan da ke sa mutane gudun sabuntawa. Data tana tsada, wuri ya cika, ga kuma tsoron kada waya ta koma nauyi ko batir ya riƙa zuba. Tsoron yana da tushe: a ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone masu gajiyayyen batir, har hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Amma facin tsaro yawanci ƙarami ne, ba shi ne ke sauya tafiyar waya ba. Babbar sabuntawar kana iya jira mako ɗaya ko biyu ka ji abin da wasu suka gani. Ka sa waya a caji, ka adana hotunanka a wani wuri, sannan ka sauke. Abu ɗaya kada ka manta: sabuntawa ta gaskiya daga cikin saitin waya take fitowa. Duk saƙon tes ko na WhatsApp ko shafin intanet da ya ce ka danna nan ka sabunta wayarka, tarko ne.

Wanda zai sayi waya, sabuwa ko ta hannu, ya tambayi shekara nawa aka yi alkawarin kula da ita. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024, Tarayyar Turai kuma ta kafa doka daga Yunin 2025 cewa wayoyin da ake sayarwa a can su samu sabuntawa aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Wayoyi masu araha da yawa ba sa kaiwa nan. Ka lura kuma, alkawarin kamfani daga ranar fitowar samfurin yake farawa, ba daga ranar da ka saya ba.

Wanda wayarsa ta riga ta fita daga kulawa kuma babu halin canzawa, ba sai ya jefar da ita ba. Ya riƙa sabunta manhajojinsa ta Play Store, musamman Chrome da WhatsApp da ta banki, domin su sukan ci gaba da samun gyara har zuwa wani lokaci ko da babbar manhajar ta tsaya. Ya bar Play Protect, mai binciken manhajoji masu cutarwa da ke cikin Play Store, a kunne, ya kashe Bluetooth idan ba ya amfani da shi, ya goge manhajojin da ba ya buɗewa, kada kuma ya karɓi wata manhaja daga wayar wani. Idan aikinka ya haɗa da bayanan marasa lafiya, ka kai maganar ga shugabanninka a rubuce, tare da kwanan watan facin da ka gani, don a samar da wayar da har yanzu ake kula da ita.