Me ake nufi da "haɗa hankali da tsoka" a wurin ɗaga ƙarfe?

Duk wanda ya taɓa leƙa wuraren ɗaga ƙarfe a Sabon Gari ko Samaru, ko ma lungun da samari ke zuba siminti a gwangwani su soka rodi a tsakiya, ya ji wannan tambaya: "Ɗan'uwa, a ina kake jin sa?" Wanda ke kwance yana tura ƙarfe ya ce a kafaɗa, mai koyarwa ya girgiza kai, ya ce ai a ƙirji ya kamata. To, wannan shi ne haɗa hankali da tsoka: ka tattara hankalinka kan tsokar da kake son ta yi aikin, ka ji tana tsukewa tana sakewa, ba kawai ka ga ƙarfe ya hau ya sauka ba.

Ba camfi ba ne. Tsoka ba ta motsi da kanta, umarni daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, ya bi ta laka, jijiyoyi su kai shi. Shi ya sa sabon shiga ke ƙara ƙarfi a makonnin farko tun damtsensa bai nuna komai ba. Jijiyoyin ne suka fara ƙwarewa. Kuma saƙon yana komawa sama, jiki na shaida wa ƙwaƙwalwa inda kowace gaɓa take. Rufe ido ka taɓa hancinka, ba za ka kuskure ba. Dubi mata suna lugude, a wurga taɓarya sama, a tafa, a cafe, ana hira. Wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, shi ya raɗa wa wannan ji suna a 1906.

Yana aiki kuwa? Eh, amma da iyaka, kuma iyakar ce na fi son 'yan ɗaga ƙarfenmu su riƙe. A wani bincike na 2016, ƙwararru da aka ce su sa hankali kan ƙirji yayin tura ƙarfe, tsokar ƙirjinsu ta ƙara aiki muddin nauyin bai wuce kashi 60 cikin ɗari na iyakar ƙarfinsu ba. Da aka kai kashi 80, bambancin ya ɓace. A 2018 kuma wani masanin motsa jiki, Brad Schoenfeld, da abokan aikinsa a Amurka suka horar da ɗalibai mako 8: masu sa hankali kan tsoka kaurin damtsensu ya ƙaru da kashi 12.4 cikin ɗari, masu sa hankali kan ɗaga ƙarfen kawai kuwa 6.9. A cinya ba a ga wani bambanci ba.

Saboda haka idan ƙwanji kake nema, da nauyi matsakaici, sa hankalinka a cikin tsokar. Idan kuwa ƙarfe mai tsananin nauyi za ka ɗauka daga ƙasa, ko tsalle za ka yi, binciken wata masaniyar motsa jiki, Gabriele Wulf, ya nuna gara ka kai hankalin waje: ka ji kamar ƙasa kake turawa da ƙafa. Ɗan dambe ma ai ba damtsensa yake tunani ba, idonsa na kan abokin karawa.

Abin da ke damuna shi ne yaron da ya lafta nauyin da ya fi ƙarfinsa don a gani, yana lanƙwasa baya yana fizga, ƙugu na shan wahalar da aka nufi damtse da ita, tsakanin zagaye kuma yana latsa waya. Ƙanena, rage nauyin. Sauke ƙarfen a hankali cikin daƙiƙa biyu ko uku, ka sa abokinka ya ɗora yatsa a kan tsokar don ka gane wurin. Kuma ka koyi rarrabe zafi biyu: raɗaɗin gajiya a tsakiyar tsoka ba komai, amma suka a gwiwar hannu, kafaɗa ko gadon baya, nan take ka ajiye ƙarfen.