Waiwaye: Faman da Aka Sha Kafin Murya da Kiɗa Su Zauna a Kii Ɗaya

Duk wanda ya taɓa ɗauko zallar muryar wata waƙa ya ɗora ta kan kiɗan wata ya san wannan takaicin. Bugu ya zauna daram, ganga na faɗuwa inda ya kamata, amma kunne ya ƙi karɓa: murya na gabas, kiɗa na yamma. 'Yan situdiyo sai su ce kii bai hau ba. Kii shi ne gidan waƙa, wato sautin da take yawo ta dawo ta huta a kansa. A tsarin kiɗan Turai sautuka 12 ne, kowanne da fuska biyu, mejo da maino, 24 ke nan.

Matsalar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A zamanin faifan garmaho, gudu da tashin sauti ɗaure suke da igiya ɗaya: ka ƙara wa faifai gudu, murya ta sirance, ka rage, ta yi kauri. Injin Technics SL-1200 MK2 na 1979, wanda masu haɗa kiɗa a gidajen rawa suka runguma, yana ba da damar ƙara ko rage gudu da kashi 8 cikin ɗari. To, kashi 6 kacal ya isa ya ɗaga waƙa rabin mataki cur, wato daga sauti ɗaya cikin 12 ɗin nan zuwa na kusa da shi. Waƙar da ke bugu 120 a minti, in ka tura ta 127 don ta kamo 'yar'uwarta, ta riga ta bar gidanta ta koma na maƙwabci. Ka gyara nan, can ya ɓalle.

Dabarar farko ta biro da takarda ce. Mutum ya zauna gaban fiyano yana lalubo kii ɗin kowane faifai, ya rubuta a jikin kwalinsa. Daga baya Mark Davis na Camelot Sound a Amurka ya mayar da wani tsohon zagaye da makaɗan Turai ke jera kii a kansa kamar fuskar agogo: lamba 1 zuwa 12, A na maino, B na mejo. Su ma sautukan da haruffa ake kiransu: kii ɗin A maino ya zama 8A, na C mejo ya zama 8B. Wanda bai taɓa karatun kiɗa ba ma zai gane: in kana kan 8A, to 7A da 9A da 8B duk 'yan gida ne. A ganina babu abin da ya sauƙaƙa sana'ar kamar wannan, ga shi kuma ko waya ɗaya ba a jona ba.

Tsinke waccan igiya kuwa ya ɗauki shekaru. Tun 1966 Flanagan da Golden suka fito da lissafinsa a ɗakin bincike na Bell, amma sai ƙarshen shekarun 1980 injinan Akai suka kawo miƙa sauti, wato sauya gudu ba tare da sauya kii ba, hannun makaɗa, shi ma da ƙarar ƙarfe-ƙarfe a ciki. Manhajar ACID ta zo a 1998, Ableton Live a 2001, ja da gudu ba tare da taɓa kii ba ya zama wasan yara. Melodyne ta wuce nan, tana kama sauti ɗaya tak a cikin murya ta matsar da shi.

Saura gano kii ɗin da kansa. Nan ma tushen daga jami'a ne. A 1982 Carol Krumhansl da Edward Kessler suka auna yadda masu sauraro ke jin dacewar kowane sauti da kii. Manhajoji irin su Mixed In Key, da ta fito a 2006, kan tattara ƙarfin sautukan nan 12 a tsawon waƙa, su gwada da irin wannan ma'auni, su zaɓi wanda ya fi kama.

Zaɓe ne fa, ba sani ba. C mejo da A maino sautuka bakwai iri ɗaya suke amfani da su, don haka manhaja kan riƙa musanya su. Wannan da sauƙi, tunda 'yan gida ne. Inda ake kwana a ciki shi ne waƙar da ta sauya kii a amshin ƙarshe, ko tsohon faifan da aka ɗan ƙara wa tef ɗinsa gudu, ya faɗa tsakanin sautuka biyu. An tsayar da girgiza 440 a daƙiƙa a matsayin ma'aunin sautin A a taron Landan na 1939, amma ba kowane rikodi ne ya bi ba. Ballantana kiɗan al'ummomin da ma'auninsu ba na fiyano ba ne, wanda manhaja za ta liƙa masa lamba ko ta halin ƙaƙa.

Tun da kamfanin Deezer ya saki manhajar Spleeter a 2019, raba murya da kiɗa ya zama aikin mintuna, masu rimis, wato sake haɗa waƙa, suka ninku. Amma leƙa ɗakin wanda ya goge: allo ya rubuta masa 8A, shi kuwa ya kashe komai ya bar bes kaɗai, yana danna fiyano da yatsa ɗaya har ya ji inda sautin ya kwanta. In muryar na neman a ja ta fiye da rabin mataki biyu ko uku, yakan bar ta yadda take, ya matsar da kiɗan ya same ta.