Sagewar Gaɓoɓi

Sagewar gaɓa, wadda wasu ke kira minjirya, yanayi ne na ɗan lokaci da hannu ko ƙafa ke mutuwa bayan an daɗe a zaune ko a kwance ba motsi, sa'an nan mutum ya ji kamar ana tsira masa allurai da zarar ya motsa. Likitoci na sanya ta cikin rukunin da suke kira farastiziya, wato jin baƙon yanayi a fata ba tare da wani abu ya taɓa ta ba.

Asalin abin yana cikin jijiyoyin saƙo, waɗanda ke kai labarin taɓawa da zafi zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Idan nauyin jiki ya danne ɗaya daga cikinsu, yakan matse ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da ita, iskar oksijin ta ragu, saƙo ya daina wucewa. Wuraren da jijiya ke bi kusa da ƙashi su suka fi fuskantar haka, musamman bayan gwiwar hannu da gefen waje na gwiwar ƙafa, shi ya sa ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ke saurin jawo ta.

Tsirar allurai ta fi ƙarfi bayan an saki gaɓar, lokacin da jini ya dawo. A sa'ar nan jijiyar, wadda ba ta gama farfaɗowa ba, kan riƙa harba saƙonni barkatai, ƙwaƙwalwa kuwa ta ɗauka daga fata suke fitowa. Masu bincike sun yi nazarin wannan yanayi. A wajajen 1931 likitan zuciya ɗan Birtaniya Thomas Lewis da abokan aikinsa sun tsayar da jinin hannu da ɗaurin awon hawan jini, suka lura cewa mutuwar kan fara daga yatsu ta hau sama. A 1980 masu binciken jijiyoyi Ochoa da Torebjörk suka soka siririyar allurar lantarki cikin jijiyar mutane masu rai, suka naɗi waɗancan saƙonni na barkatai kai tsaye.

Masana sun daɗe suna saɓani kan ko matsi ne ko ƙarancin jini ya fi tasiri. Akasarinsu na ganin duka biyun suna da hannu.

Sagewar takan wuce cikin 'yan mintoci. Wadda ke yawan dawowa ba tare da danniya ba tana iya nuna ciwon sukari ko ƙarancin bitamin B12, wadda kuma ta afka wa ɓari guda na jiki farat ɗaya tana buƙatar likita nan take.