Katin Tarot: Ire-irensa da Yadda Masu Duba Ke Zaɓa

Tarot wani nau'in karta ne mai kati 78 wanda masu duba a Turai da Amurka ke shimfiɗa wa masu zuwa wurinsu. Asalinsa wasa ne da aka fara bugawa a arewacin Italiya a ƙarni na 15, a fadojin Milan da Ferrara. Sai a ƙarshen ƙarni na 18 ya zama kayan duba a Faransa, bayan wani marubuci mai suna Antoine Court de Gébelin ya yi iƙirari a 1781 cewa hikimar tsohuwar Masar ce ke ɓoye cikin hotunansa. Masana tarihi ba su sami hujjar wannan magana ba. Haka kuma binciken kimiyya bai nuna cewa katin na faɗin abin da zai faru ba.

Manyan kati 22 ne, kowanne da hotonsa, kamar Wawa, Rana da Mutuwa. Sauran 56, wato ƙananan kati, sun kasu gida huɗu: sanduna, kofuna, takubba da tsabar kuɗi.

A waɗannan ƙananan ne zaɓin mai duba ya fi rataya. A tsohon salon Marseille na Faransa, katin takubba uku takubba uku ne kawai da ɗan ado, don haka sai wanda ya haddace ma'anar lambobi ke iya fassara shi. Saitin da kamfanin Rider ya buga a Landan a 1909, wanda Pamela Colman Smith ta zana bisa tsarin Arthur Edward Waite, ya sauya wannan: kowane kati ya sami hoto mai labari. Takubba ukun nan suka koma zuciya da aka soke a ƙarƙashin hadari. Baƙon da bai taɓa ganin tarot ba yana iya kallo ya ce wani abu, kuma daga nan hira ke buɗewa. Wannan ne ya sa masu karɓar baƙi da yawa suka fi son sa, kuma yawancin littattafan koyo na Ingilishi a kansa aka gina su.

Akwai kuma saitin Thoth na Aleister Crowley, zanen Frieda Harris, wanda ya fito a 1969. Cike yake da alamomin taurari, kuma yana yi wa sabon shiga nauyi.

Mai sauya saiti sai ya yi hattara da lamba: a salon Marseille katin Adalci ne na 8, katin Ƙarfi na 11, amma Waite ya musanya su. Masu duba kan kuma lura da halin baƙo. Wasu katunan na da tsiraici, katin Mutuwa mai lamba 13 kuwa yana firgita mutane, shi ya sa wasu ke ajiye saiti na biyu mai sassaucin zane. Girman katin ma abin lura ne, domin ya fi kartar wasa tsawo kuma yana wa ƙaramin hannu wuyar gauraya.