Na'urori da AI a Hidimar Tsofaffinmu a Legas

Jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago, assalamu alaikum. A gidajenmu da yawa masu jini a jika suna fita nema tun asuba, cunkoson hanya ba ya barin su dawo sai bayan isha'i, Baba ko Inna kuma suna ɗaki su kaɗai da magungunansu. Akwai na'urori masu sauƙin kuɗi da ke rage wannan haɗari, amma kowacce sai an ɗora ta a wuyan mutum guda, wanda zai yi mata caji, ya kuma amsa idan ta yi ƙara.

A fara da magani. A sayi akwatin ƙwayoyi mai gida 7, a cika shi duk Juma'a, a saita ƙararrawar waya kusa da lokutan salla, domin tsoho ba ya saurin mance su. Inda abin ke ɓaci shi ne mai mantuwa yakan kashe ƙararrawa bai sha ba, ko ya sha sau biyu. Maimaita maganin ciwon sukari na iya sumar da mutum. Don haka a kira shi, a ce ya duba ko gidan ranar ya zama fanko.

Na'urar awon hawan jini ta damtse ta fi ta wuyan hannu aminci. Tsohon ya zauna minti 5, baya a jingine, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma kada ya ci goro ko ya sha kofi minti 30 kafin awo. A auna sau 2, da tazarar minti 1, a rubuta. Idan abin ɗaurawar ya yi wa damtse kaɗan, lambar za ta hau fiye da gaskiya. In ana yawan ganin 140/90 ko sama, a kai wa likita takardar. In ya kai 180/120 da ciwon ƙirji, ko aka ga karkacewar baki ko nauyin harshe, a kira lambar gaggawa 112 ko 767 nan take.

Tsohon da ke fita ya kasa gane hanyar gida, agogon hannu mai layin waya da GPS, wato fasahar gano wuri ta tauraron ɗan'adam, yana nuna inda yake, yana kuma sanar da ku idan ya wuce iyakar da kuka shata, misali masallacin unguwa. Cajinsa ba ya daɗewa, data na ƙarewa, kuma a ƙarƙashin rumfunan kasuwa yana kuskuren wuri. A ɗinka kati a cikin rigarsa da lambar waya, da Hausa da Turanci, domin wanda zai tsince shi a Legas ba lallai ya ji Hausa ba. Kuma a nemi yardarsa kafin a ɗaura masa. Uba ne, yana da hakkin a yi masa bayani. Da dare, fitila mai caji da ke kunna kanta idan ta ji motsi, tsakanin gado da bayi, tana rage haɗarin faɗuwa ko da an ɗauke wuta.

Sai manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin su ChatGPT da Meta AI na cikin WhatsApp. Suna da amfani wajen warware Turancin takardar asibiti da tsara tambayoyin da za a yi wa likita. A rufe suna da lambar kati kafin a ɗauki hoton takarda. Amma suna iya shara kuskure da cikakken tabbaci, kuma Hausarsu ba ta kai Turancinsu ba. Kada a ƙara magani, ko a rage, ko a sauya lokacinsa saboda azumi, a kan maganarsu.

Ga mai damuwa, hira da manhaja tana iya ɗebe kewa na ɗan lokaci, amma ba ta ganin ramar fuska, ba ta san ya daina cin abinci ba. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da maganin ƙwari, a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba. Haka nan ruɗewar da ta zo wa tsoho cikin sa'o'i ko kwana biyu ba tsufa ba ce. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko ƙarancin ruwa, ko saukar sukari, kuma ana warkewa idan an yi hanzari. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti a ranar.

'Yan damfara yanzu suna kwaikwayon muryar ɗa ko jika da AI, su kira suna kuka a turo kuɗi. A koya wa tsofaffi su kashe wayar, su kira lambar da suka sani, kuma iyali su ajiye wata kalma ta sirri da za a tambayi duk mai neman kuɗi ta waya.