Sunan da kurame ke raɗawa da hannu

A Brazil, idan mai ji ya fara zama da kurame yana koyon yarensu na hannu, wato Libras, ba a daɗewa za a tambaye shi: "Mene ne alamarka?" Ba sunan yanka ake nufi ba. Shi wannan sai an bi harufansa ɗaya bayan ɗaya da yatsu, kuma abin yana cin lokaci. Alama kuwa motsi ɗaya ce, ana yin ta kowa ya gane wa ake magana a kai.

Mutum ba ya zaɓar wa kansa. Kurma ne ke raɗa masa, bayan ya zauna da shi ya lura da kamanninsa da halinsa. Har "baftisma" suke kiran abin. Mai tabo a goshi, sai a taɓa goshi. Mai yawan gyara tabarau, shi ke nan ya samu suna. Wani lokaci a haɗa da harafin farko na sunansa, a ɗora a kumatu ko a haɓa. Yawanci idan alamar ta zauna ta zauna, ko mai gemun ya aske gemunsa. Mu da muka saba da Dogo da Gajere da Maigemu, wannan ba baƙon abu ba ne. Sai dai masu ji kan tsargu idan an nuna hancinsu ko sanƙonsu, alhali a wurin kurame ba zagi ba ne, shaida ce ta an karɓe ka.

Al'adar ta samu gindin zama ne inda kurame suka taru, kamar makarantar kurame ta ƙasa, wato INES, da aka kafa a Rio de Janeiro a 1857, kuma a 2002 doka ta amince da Libras.

Abokan aiki ma'aikatan lafiya, ga inda zancen ya shafe mu. A asibiti muna ɗaukar kati mu ƙwala kira, kurma yana zaune a benci har layi ya wuce shi, mu rubuta bai zo ba. Idan ya shigo, ku dube shi ido da ido, ba ɗan rakiyarsa ba. Ku tambayi yadda abokansa ke nuna shi da maganar hannu, ku kwatanta a bayan katinsa. Ranar da ya dawo awo, ku tsaya inda zai gan ku, ku yi masa alamar.